Jonathan Davies da laifin karɓar albashi

Wasan zari-ruga iri biyu ne: na 'yan wasa 15, da na 13 wanda ya ɓalle a arewacin Ingila a 1895, saboda leburori sun nemi a biya su ladan ranar aikin da wasa ke cinye musu. Shugabannin na 15 suka ɗauki kuɗi ƙazanta, suka rufe ƙofa ga duk wanda ya ƙetara.

A Janairun 1989 Jonathan Davies, kyaftin ɗin Wales, ya ƙetara zuwa Widnes. Ɗan Trimsaran ne, ƙauyen masu haƙar kwal, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. A ganina bai yi abin kunya ba. Filin Cardiff na cika maƙil, hukuma na tara kuɗin tikiti, shi kuwa mai karya ƙashinsa an ce tafi ya ishe shi.

Wasu suka ce jikinsa bai kai na wannan wasa ba. A 1994, a Wembley, ya ratsa 'yan Ostareliya da gudu ya ci wa Birtaniya. A Agustan 1995 hukumar na 15 ta halatta albashin da ta shekara 100 tana haramtawa. Davies ya dawo Cardiff, ya sake sanya jar rigar Wales yana da shekara 34.