Tsakanin "Ba Duka Ba" da "Ba Ko Ɗaya"

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wani lungu na Turanci da malamanmu na sakandare suka ratsa da gudu, alhali kuwa a nan ne ramin yake. An sha wahalar da mu a kan lokutan aikatau da rubutun kalmomi daidai, amma ba a tsaya an nuna mana abin da ke faruwa ba idan kalmar korewa ta haɗu da kalmar yawa a jimla ɗaya. Ni a ganina wannan ya fi wancan haɗari, domin wanda ya ɓata rubutun kalma dariya kurum za a yi masa, amma wanda ya ɓata wannan yana iya faɗin kishiyar abin da ke ransa da kyakkyawan Turanci, ba wanda zai tsayar da shi.

Mu ɗauki misalin akawun da aka ce ya duba takardun masu neman aiki, ya rubuta wa sakatare cewa "All the applicants are not qualified." Me ya faɗa? Wani zai karanta ya ce ba ko ɗaya daga cikinsu da ya cancanta, a rufe fayil. Wani kuma zai ce ba dukansu ne suka cancanta ba, watau a tace a ɗauki na ɗauka. Abin mamaki shi ne dukansu biyu ba su yi kuskure ba, gama jimlar tana ɗauke da ma'anonin biyu, kuma Turawan da kansu suna amfani da ita ta fuskokin biyu. Tun 1917 wani masanin harshe mutumin Denmak, Otto Jespersen, ya yi bayanin wannan siga a littafin da ya rubuta kan korewa a Turanci, ya nuna cewa sau da yawa ma'anar "ba duka ba" ake nufi da ita. To, abincin mutane da yawa yana rataye a kan wadda sakatare ya zaɓa a safiyar nan.

Hausa ba ta barin mai magana ya ɓuya haka. Idan na ce ba duk ɗaliban ne suka ci jarrabawa ba, kowa ya san wasu sun ci. Idan na ce babu ɗalibin da ya ci, an san an yi asara gaba ɗaya. "Ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe suna kewaye abin da aka kore kamar shinge, mai sauraro yana ganin inda shingen ya fara da inda ya ƙare. Turanci kuwa yakan ajiye "not" ɗinsa kusa da aikatau, ya bar ka da tunanin ko ikonta ya koma baya ya kama "all" ko bai kama ba.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu, domin harshen namu shi ke haƙa mana rami na biyu, kuma ya fi na farko zurfi. Kalmar "kowa" fuska biyu gare ta. A cikin "kowa ya zo" tana nufin dukan mutane, a cikin "ban ga kowa ba" kuwa tana nufin ko mutum ɗaya. Haka "komai", haka "ko'ina", haka "koyaushe". Turanci ya raba waɗannan fuskoki ya ba kowacce sunanta: "everybody" daban, "anybody" daban. Ɗalibin da aka koya masa tun firamare cewa "kowa" shi ne "everybody", ran da ya je ofis ya tarar da shi wayam, sai ya dawo ya ce "I did not see everybody." A ransa ya ce bai ga kowa ba. A kunnen Bature kuwa ya ce ya ga wasu, wasu ne dai bai gani ba. Haka mara lafiyar da ya kwana biyu bai sa ko loma a baki ba zai ce wa likita "I did not eat everything", likita ya ɗauka ya ci ya rage saura. Ku dubi wannan da kyau: nahawun jimlar lafiya lau yake, jan alƙalamin malami ba zai taɓa ta ba, amma labarin da ta kai ƙarya ne.

Akwai kuma ƙaramin harafin nan "a" da ke juya zance. "Few members attended" kuka ne, ana nufin taron bai yi jama'a ba. "A few members attended" kuwa labari ne na cewa wasu dai sun zo. "There is little hope" kusan yanke ƙauna ne, "there is a little hope" kuwa ƙarfafa zuciya. Mu duka "kaɗan" muke cewa, sai mu gyara da "kurum" ko "dai". Sa'an nan a zo kan "quite a few" da "not a few", waɗanda duk da "few" ɗin da ke cikinsu, "da yawa" suke nufi. Wannan kam ba hankali ke gano shi ba, sai haddacewa.

Za a ce mini ai Turawa suna fahimtar juna, me ya sa za mu ɗaga hankali? Gaskiya ne, amma da baki suke fahimtar juna. Mai magana yakan danna "all" ya ɗaga murya a ƙarshen jimla, mai sauraro ya gane "ba duka ba" ake nufi. Takarda ba ta da murya, kuma mu yawancin Turancinmu mai nauyi a takarda yake: sanarwa, rahoton taro, amsar jarrabawa, doka. Wanda ke shakkar nauyin kalmomin yawa ya tuna da zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami abin da bai gaza kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u ba a kowace jiha daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano ya sami kusan kashi 20 cikin ɗari. Sai da magana ta kai Kotun Ƙoli tsakaninsa da Cif Obafemi Awolowo kafin a yanke, a watan Satumba na shekarar, cewa ya ci.

Wani abin da nake so mu rage shi ne raina mai cewa "I didn't see nobody." An koya mana cewa korewa biyu suna kashe juna, kamar a lissafi. Wannan hukunci ya yaɗu ne ta littattafan nahawu irin na Robert Lowth na 1762, alhali Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana jera korewa biyu har uku a jimla ɗaya don ƙarfafa magana, kuma har yau talakawan Ingila da Amurka da yawa haka suke yi. Mu da muke sa "ba" biyu a jimla ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kada a rubuta shi a jarrabawa ko a fayil, na yarda. Amma mai faɗinsa ba wanda ya taɓa ruɗewa da nufinsa, saɓanin akawunmu na ɗazu.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Malaman Turanci da ke jin Hausa su daina jin kunyar kawo "kowa" da "komai" cikin aji, su rubuta su a allo kusa da "every" da "any", domin darasi ɗaya irin wannan zai yi aikin da gyaran littafi na shekara bai yi ba. Mu kuma da za mu riƙe alƙalamin ofis gobe, mu haramta wa kanmu haɗa "all" ko "every" ko "both" da "not" a bayansu. In "ba duka ba" muke nufi, mu fara jimlar da "not all". In "ba ko ɗaya" muke nufi, ga "none" da "no" da "neither" nan. In kuma takarda ta zo mana daga sama da irin wannan jimla mai baki biyu, kada kunya ta hana ƙaramin ma'aikaci mayar da ita ya tambayi wanda ya sa hannu: ranka ya daɗe, wasu ake nufi ko duka?