A Buga Ƙararrawa Tun Da Sauran Lokaci

'Yan'uwanmu almajirai, da malamanmu masu girma, akwai wata magana da mu ke so mu kawo gabanku, watau abin da ya wajaba bisa hukumar kwaleji sa'ad da ta sami labarin wani haɗari cikin makaranta, ko ɓarawo ne, ko gobara, ko wani mugu mai makami. Kowa ya san aikin ƙararrawa: ita ke tashinmu da asuba, ita ke kai mu aji, ita ke sallamarmu. Amma akwai bugun da ya fi waɗannan duka nauyi, shi ne kuwa wanda hannun manya ya fi yin sanyi wajen yinsa. Mu dai abin da muka gani shi ne a buga ta da wuri, ko da labarin bai gama cika ba. Dalilinmu kuwa za mu ɗauko shi daga Amurka, gama mutanen can sun sayi wannan karatu da tsada.

A watan Afrilu na 1986, a jami'ar Lehigh cikin jihar Fensilbaniya, wani ɗalibi ya shiga ɗakin kwanan wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Jeanne Clery, ya ci mutuncinta, ya kashe ta. Ta ƙofofin da 'yan makaranta suka tokare a buɗe don sauƙin shige da fice ya bi. Da iyayenta suka bincika, sai suka tarar ashe an yi manyan laifuffuka 38 na ta'adi a kan mutane a wurin cikin shekara uku kafin haka, ba kuwa wanda ya gaya musu. Suka tsaya kai da fata har majalisar ƙasar ta kafa doka a 1990, wadda tun 1998 a ke kiranta da sunan yarinyar. Dokar ta tilasta wa kowace kwaleji mai cin kuɗin gwamnatin tarayya ta buga lissafin laifuffukan shekara uku, ta fitar da shi kowace shekara, kada ya wuce 1 ga Oktoba. In tana da 'yan sandanta ko masu gadi, sai ta ajiye littafin da a ke rubuta laifin kowace rana, kowa ya iya dubawa. In kuwa an yi laifin da a ke tsoron sake aukuwarsa, sai ta gargaɗi jama'arta a kan kari, ba tare da ta faɗi sunan wanda aka cuta ba.

To, mene ne "a kan kari"? Nan ne gizo ya yi saƙa.

Ran 16 ga Afrilu, 2007, wajen ƙarfe 7:15 na safe, aka harbe mutum biyu a wani gidan kwanan ɗalibai na kwalejin Virginia Tech, a garin Blacksburg. 'Yan sanda suka ɗauka rigimar soyayya ce, suka shiga neman saurayin yarinyar da aka harba, alhali kuwa ba ruwansa. Manyan kwalejin suka zauna shawara. Sai ƙarfe 9:26 aka aika wa jama'a wasiƙar kwamfuta, wadda a ke kira imel, ta ce an yi harbi, a yi hattara. Ba ta ce an kashe kowa ba, ba ta kuma ce mai harbin bai shiga hannu ba. Wajen ƙarfe 9:40 kuwa, mai laifin, wanda shi ma ɗalibi ne, ya rigaya ya ɗaure ƙofofin wani ginin azuzuwa da sarƙa, ya soma harbi. Cikin minti goma da wani abu ya kashe mutum 30, jimla 32 ke nan. A cikinsu har da wani tsohon malami, Liviu Librescu, ɗan shekara 76, wanda ya tare ƙofar ajinsa da jikinsa har yawancin almajiransa suka dira ta taga.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne rahoton da aka sake fitarwa a 2009. Ya nuna makarantun yara na garin sun kulle ƙofofinsu tun kafin ƙarfe tara, wasu daga manyan kwalejin kuma sun gaya wa iyalinsu an yi harbi tun ba a gaya wa ɗalibai ba. Labarin da ya isa mutum ya gargaɗi ɗansa da shi, yaya za a ce bai isa a gargaɗi 'ya'yan wasu ba?

Kada fa mu zalunci mutanen nan. Ba su san abin da mu muka sani yanzu ba, har ma babbar kotun jihar Birjiniya ta yanke a 2013 cewa ba za a ɗora wa hukuma alhakin rashin gargaɗi ba, tun da ba ta da hanyar hango abin da ya biyo. Masu goyon bayan jinkiri su kan ce, in ka yi wa dubban mutane shelar haɗari ba ka tabbatar ba, sai a ruɗe, a tattake juna, jita-jita ta yi yawa; in kuma ka yawaita kururuwar da ba komi bayanta, ran da na gaske ya zo ba mai waiwayowa. Wannan ta biyu gaskiya ce, mun yarda, sabo da haka ba don kowane keke da aka sace za a tada makaranta ba. Amma ta farko ba mu karɓe ta ba. Jita-jita a cikin shiru ta ke tsira. Mutumin da aka ce masa, "An yi kaza a wuri kaza, ba a kama mai yi ba, ka zauna ciki ka kulle ƙofa," hankalinsa ya fi kwanciya bisa ga wanda ya ga motocin 'yan sanda kawai, ba wanda ya ce masa ƙala. Akwai kuma wani dalilin jinkiri da ba a cika faɗa a fili ba, watau gudun kada sunan makaranta ya ɓaci. Wannan kam bai cancanci a sa shi kan ma'auni ɗaya da ran ɗan Adam ba.

A 2008 majalisar Amurka ta ƙara wa dokar ƙarfi: da zarar an tabbatar akwai haɗari na nan take ga rai ko lafiya, ko harbi ne, ko gobara, ko guguwa, ko annoba, a sanar nan da nan, kuma a gwada hanyar sanarwar ko sau ɗaya a shekara. Tun daga nan kwalejoji suka yawaita hanyoyi, saƙon waya, da imel, da jiniya, da lasifika, domin wanda ya ke cikin aji wayarsa a kashe shi ma ya ji. Tara kuma ta yi ta hauhawa. Virginia Tech dala 32,500 ta biya a 2014. A 2024 kuwa aka ci jami'ar Liberty tarar dala miliyan 14 sabo da saɓa wa dokar.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ga roƙonmu ga hukumarmu cikin ladabi. A ba mai gadi da malamin da ke tsaron dare ikon yin shela da kansu, kada sai an tara manya an zauna. A keɓe wa haɗari irin bugunsa dabam, wanda ba mai haɗa shi da na cin abinci, a kuma rabe bugun "ku fita" da na "ku zauna ciki", gama abin da ke tsirar da mutum daga wuta shi ne zai kai shi gaban mai makami. A gwada mu cikin wannan zangon karatu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare. Mu kuma almajirai, wanda duk ya saba tokare ƙofar gidan kwana da dutse don abokinsa mai dawowa a makare, muna roƙonsa daga daren yau ya cire dutsen, ya tashi ya buɗe masa da hannunsa.