Ƙirƙira a Sin: Basira na nan, tsoro ne ke daƙile ta

A ranar 24 ga Oktoban 2020, Jack Ma, wanda ya kafa kamfanin Alibaba, ya soki tsarin sa ido kan harkar kuɗi a wani taro a birnin Shanghai. Kwana goma bayan haka, hukumomi suka dakatar da sayar da hannayen jarin Ant Group, wanda ake sa ran zai tara sama da dala biliyan 34. A Afrilun 2021 aka ci Alibaba tarar yuan biliyan 18.2. A shekarar ce kuma aka cire manhajar Didi daga kasuwa jim kaɗan bayan kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, sannan aka haramta wa kamfanonin darussan bayan makaranta neman riba a kan manyan darussa.

Babu mai cewa waɗannan kamfanoni ba su da laifi. Matsalar ita ce mai zuba jari ba ya iya sanin inda doka za ta juya gobe. Idan babba ya sha duka haka, ƙaramin da ke shirin farawa sai ya shiga taitayinsa.

Al'ada ma tana da hannu. Yaro na tasowa ne da karatun haddar jarrabawar gaokao, iyaye kuma sun fi son aikin gwamnati mai tabbas. Shi ya sa miliyoyin matasa ke rububin jarrabawar shiga aikin gwamnati duk shekara. Wanda ya kafa kamfani ya faɗi kuwa, sau da yawa yarjejeniyar da ya sa wa hannu tana tilasta masa biyan masu jari daga aljihunsa. Idan kotu ta sa shi cikin jerin masu taurin bashi, ana iya hana shi hawa jirgin sama da jirgin ƙasa mai sauri.

Duk da haka, fitowar DeepSeek daga Hangzhou a Janairun 2025 ta nuna basirar ba ta ƙare ba. A Fabrairun shekarar Shugaba Xi Jinping ya gana da manyan 'yan kasuwa, har da Jack Ma. Amma ganawa ba ta maye gurbin doka. Muddin Beijing ba ta samar da ƙa'idoji tsayayyu da hanyar da wanda ya karye zai sake tashi ba, matasa da yawa za su ci gaba da zaɓar albashi a kan kasada.