Hon ɗin injin kwale-kwale ba damuwa ba ne, kada ka yanke wayarsa



Yau maganar ta masu shiga ruwa ce, musamman mutanenmu na yankin Karaye da Rogo da ke neman abinci a dam ɗin Challawa. Tun da aka kammala dam ɗin a 1992, gidaje da yawa sun dogara da tarwada da karfasar da ake fitarwa daga cikinsa. Wanda Allah ya hore wa injin kwale-kwale kuwa, wannan injin shi ne jarinsa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu daina. Da zarar hon ɗin gargaɗi ya fara kuka, sai a ce ya cika damuwa, a cire wayarsa a naɗe da salatif, a ci gaba da tafiya. Wallahi wannan ganganci ne. Mai kiwon kaji ba ya jefar da ma'aunin zafi don ya nuna masa ɗakin 'yan tsaki ya yi zafi. Mai kiwon kifi ma idan ya ga kifinsa sun taso sama suna haki da asuba, ya san ruwa ne ya lalace. Kukan kurciya jawabi ne.

Injin nan da ruwan dam yake sanyaya kansa. Akwai wata 'yar farfelar roba a ƙafarsa, ana ce mata impela, ita ke zuƙo ruwa ta tura shi ya zagaya silinda. Idan leda ko ciyawa ta toshe ramukan shigar ruwa, ko yashi ya cinye robar lokacin da ruwa ya ja baya da rani, sai inji ya ɗau zafi. A kan silinda akwai sensa. Idan zafi ya wuce ƙa'ida sai ta haɗa wayar hon da ƙarfen jikin inji, hon ya yi kuka. Shi ke nan aikin.

To idan ya yi kuka a tsakiyar ruwa, rage wuta nan take, ka dubi siririn ruwan nan da inji ke tsartuwa ta baya. In babu shi ko ya yi rauni, kashe inji, ɗaga ƙafar, ka cire abin da ya toshe. In ka dage da tafiya, fistin zai kama, gasket ya ƙone. Kuɗin impela ina, kuɗin sauke inji ina?

Wani zai ce, ai nawa ko da sanyin safiya kuka yake, inji bai ma yi zafi ba. Gaskiya ne, hon na iya kukan banza, amma gano dalilin ba wuya. Fara duba man injin in naka mai tankin mai daban ne, don a wasu injinan hon ɗaya ne ke gargaɗin zafi da na ƙarancin mai. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka zare wayar daga sensa. In hon ya yi shiru, sensar ce ta mutu, a canza ta. In ya ci gaba, to wayar ce ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, a bi ta a gyara.

Wanda ya fi haɗari ma shi ne hon ɗin da ba ya kuka sam, mai shi yana zaton lafiya lau. Gwada shi: makulli a buɗe, ka taɓa wayar da ke zuwa sensa a jikin ƙarfen inji. A yawancin Yamaha ruwan hoda ce. In ya yi kuka, Alhamdulillahi. In shiru, duba fis, duba ko wutar batir na isa hon, ka kankare tsatsar da danshi ya tara a mahaɗan waya. Masu ƙananan injinan ja da igiya da ba su zo da hon ba, wannan siririn ruwan shi ne hon ɗinku, ido a kansa.

Kuma don Allah kada a tayar da inji a tudu ba ruwa. Daƙiƙu kaɗan sun isa su ƙona impela.

Makanikai, ku ma da ku nake. In an kawo muku inji an ce a kashe hon, ku faɗa wa mai shi gaskiya. Inji in ya mutu a tsakiyar dam ga iska ta taso, ba kifi kaɗai ke cikin jirgin ba, akwai rayuka.

Ku tura wa duk mai kwale-kwalen da kuka sani. Allah Ya tsare mu a ruwa da tudu, Ya sa albarka a nema.