FILIN KIMIYYA: Ƙofar Da Ruwan Firgita Ke Bi Ya Shiga Hanta

A makon nan za mu dubi wani aiki da hanta take yi a ɓoye, wanda ya shafi kowane mai rai, musamman masu shan magani kullum.

Kowa ya san yadda jiki yakan yi in an firgita: gaba ya faɗi, zuciya ta shiga bugawa da sauri, gumi ya keto. Abin da ke jawo haka wani ruwa ne mai suna adiranalin, wanda waɗansu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda suke zubawa cikin jini. Wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, shi ya tace shi a 1901. Yana da 'yan'uwa biyu, watau noradiranalin da dofamin, su ukun kuwa ana kiransu katikolamin.

Ruwan nan yana da amfani a lokacin haɗari, amma da zai daɗe cikin jini, da jini ya hau, zuciya kuma ta galabaita. Saboda haka cikin minti 2 zuwa 3 rabinsa yakan ɓace daga jini. To, ina yake zuwa?

Yawancin noradiranalin da jijiyoyi suka saki, su ne suke sāke tsotse abinsu. Wanda ya malala cikin jini kuwa, hanta tana cikin manyan masu kwashe shi. A cikin ƙwayoyin hanta akwai sinadarai biyu masu farfasa katikolamin, ana kiransu MAO da COMT. Julius Axelrod na Amurka ne ya gano na biyun a 1957, ya kuwa sami lambar Nobel a 1970. Sai dai akwai cikas. Kowace ƙwayar hanta tana kewaye da bango na kitse, shi kuwa katikolamin yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, wanda ke hana shi ratsa kitse. Ke nan dole sai da ƙofa.

Tun a 1965 Leslie Iversen na Ingila ya lura cewa naman zuciyar ɓera yana tsotsar adiranalin ta wata hanya dabam da ta jijiyoyi. Amma sai a 1994 ne Hermann Koepsell da abokan aikinsa a Jamus suka gano ainihin irin wannan ƙofa, aka sa mata suna OCT1. Daga baya aka sami OCT2 da OCT3. A jikin ɗan Adam, OCT1 ta fi yawa a hanta, OCT2 a ƙoda, OCT3 kuwa tana warwatse a zuciya da mahaifa da hanta da sauransu.

Ga yadda take aiki. Ƙofar wani furotin ne da ya ratsa bangon ƙwaya sau 12, yana zaune a gefen da ke fuskantar jini. Takan buɗe ta waje ta karɓi baƙo, ta rufe, sa'an nan ta buɗe ta ciki ta sake shi, tamkar zaure mai ƙyaure biyu. Ba ta ƙona wani makamashi nata. Cikin ƙwayar yana da caji mai alamar ɗebewa, shi ke jawo baƙon, su kuma sinadaran nan biyu suna farfasa shi nan take, don haka kullum da wurin wani. Ɓurɓushin da ya rage sai ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari. Shi likitoci suke aunawa in suna zargin ƙari a halittun nan na bisa ƙoda. Har wa yau, da yake jinin hanji yakan biya ta hanta kafin ya zaga jiki, hanji da hanta sukan lalata adiranalin in an haɗiye shi, shi ya sa ake yin allurarsa a cinya.

Abin lura shi ne ƙofar nan ba ta katikolamin kaɗai ba ce. Ta nan metifomin, maganin ciwon sukari, yake shiga hanta inda yake aikinsa. Ta nan mofin da bitamin B1 suke bi. A 2007 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka nuna cewa metifomin bai rage sukari sosai ba ga waɗanda suka gāji ƙofa mai rauni. Wajen mutum 9 cikin 100 na Turawa sun gāji irin wannan ƙofa da kusan ba ta aiki. Bugu da ƙari, waɗansu magunguna, kamar berafamil na hawan jini, sukan tare ƙofar su hana wani wucewa.

To jama'a, kun ga dalilin da ya sa maganin da ya yi wa maƙwabcinka aiki ba lalle ne ya yi maka ba. Kada mai ciwon sukari ko hawan jini ya ari ƙwayar wani, kada kuma ya ɓoye wa likita sauran magungunan da yake sha, ko na kemis ko na gargajiya. Allah Ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.