Ijaza Kafin Karatu?



Muhawara ta yi yawa tsakanin matasanmu na Nima da Mamobi masu neman aikin kwamfuta: takardar shaida za a sa gaba, ko gogewa a bakin aiki? Iyaye kuwa na cin bashi domin biyan kuɗin jarrabawa.

A ganina malamanmu sun daɗe da raba wannan gardama. Ba a ba ɗalibi ijaza sai ya durƙusa gaban malami ya karanta littafin, an ji shi da kunne. Karatu ke gaba, shaida na biye.

Takarda tana da ranarta. Shaidar CCNA ta kamfanin Cisco, ko ta Cibiyar Kofi Annan da aka buɗe a nan Ankara a 2003, ita ke sa a kira yaron Zango ganawa inda ba shi da uwa a gindin murhu. Sai dai CCNA shekara uku take yi, sai an sabunta ta. Ranar da intanet ɗin ofis ya tsaya kuma, hannu ake dubawa.

Saboda haka, ɗana, nemi takarda guda da ta dace da aikin da kake so. Sauran lokacinka ka zauna wurin masu gyara a Circle, ka haɗa kwamfutocin makarantar unguwarku, ka riƙe shekarar hidimar ƙasa da muhimmanci. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin jarrabawa ta biyu, ku ce ya nuna muku abin da ya gyara da ta farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya sa albarka.