Ƙudirin zaɓen mutuwa da matsayin coci a Birtaniya

Ƙidayar jama'a da aka gudanar a Ingila da Wales a 2021 ta nuna cewa kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai suka kira kansu Kiristoci, karon farko ke nan da adadin ya gaza rabi. Shekara goma kafin nan kashi 59.3 ne. Waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 37.2, Musulmi kuwa kashi 6.5. Amma fa a dokance Ingila ƙasar Kirista ce: Sarki Charles shi ne shugaban Cocin Ingila, kuma an keɓe wa bishop-bishop 26 kujeru a Majalisar Dattawa. Abin ya zama kishiyar namu, inda sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, alhali masallatai da majami'u cike suke.

Inda aka gwada ƙarfin muryar coci da gaske shi ne kan ƙudirin da 'yar majalisa Kim Leadbeater ta gabatar, wanda zai bai wa baligin da likitoci suka ƙiyasta ba zai wuce wata shida a raye ba damar neman a taimaka masa ya kawo ƙarshen rayuwarsa. A ranar 29 ga Nuwamba 2024 Majalisar Wakilai ta amince da shi a karatu na biyu da ƙuri'a 330, yayin da 275 suka ƙi. A Yunin 2025 ya tsallake karatu na uku da ƙyar, 314 da 291, ya wuce zuwa Majalisar Dattawa.

Yadda shugabannin addini suka yi adawa ya fi ƙuri'ar kanta jan hankali. Ba su tsaya suna jawo wa 'yan majalisa ayoyi ba, domin sun san mafi yawan masu saurarensu ba su ɗauki nassi hujja ba. Bishop ta Landan a lokacin, Sarah Mullally, wadda ta taɓa zama shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila, da Cardinal Vincent Nichols na Katolika, da babban malamin Yahudawa Ephraim Mirvis, da shugabannin Musulmi da na Hindu da Sikh, sun sa hannu a wasiƙa guda. Hujjarsu ita ce tsoho ko mai naƙasa ko talaka zai iya jin ya zama nauyi ga iyalinsa, har abin da aka ba shi da sunan 'yanci ya koma masa tamkar wajibi, musamman a ƙasar da kuɗin kula da masu jinyar ajali bai wadata ba. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar coci ba ma zai iya auna wannan magana, shi ya sa masu fafutukar haƙƙin masu naƙasa da dama suka tsaya sahu ɗaya da su.

Duk da haka wasu sun so a rufe wa mai imani baki baki ɗaya. Da Shabana Mahmood, Musulma kuma ministar shari'a a wancan lokaci, ta bayyana adawarta, sai Lord Falconer, ɗan jam'iyyarta ta Labour, ya ce bai kamata a ɗora wa kowa aƙidarta ba. A ganina a nan ya kauce. Shi ma ra'ayinsa cewa mutum ne mai ikon ransa aƙida ce, kuma da ƙuri'a yake son mayar da ita doka a kan kowa. Idan an yarda ɗan majalisa ya yi zaɓe bisa abin da zuciyarsa ta gamsu da shi, kamar yadda aka yi a kan wannan ƙudiri, babu dalilin tambayar inda zuciyar ta samo tarbiyya kafin a ƙirga ƙuri'arsa.

Cocin ma ba baki ɗaya yake magana ba. Tsohon Akbishop na Canterbury, George Carey, ya goyi bayan ƙudirin, da hujjar tausayi. Kuma ana tsakiyar muhawarar ne Justin Welby ya sanar da murabus a Nuwamban 2024, bayan rahoton da ya nuna cocin ya gaza ɗaukar mataki kan John Smyth, mutumin da ya shafe shekaru yana azabtar da yara maza. Da wuya a saurari wa'azin kare masu rauni daga wanda ya kasa kare su a cikin gidansa.

Ragowar martabar da coci ke da ita a idon Bature marar addini ba daga kujerun nan 26 take fitowa ba, masu neman a soke su ma kullum ƙaruwa suke. Tana fitowa ne daga makarantun Cocin Ingila da ke karantar da yara kusan miliyan guda, cikinsu har da 'ya'yan Musulmi, da kuma rumbunan rabon abinci ga mabuƙata, waɗanda da yawansu a zaurukan majami'u ake buɗe su.